Kawu da Albasar Kekun Waje

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Bungudu, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ina cikin aji a Gusau ina koyarwa waya ta shigo. Kafin in samu mota in iso har an yi masa sutura, zaman makoki kawai na tarar.

Maza sun cika tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin hanya, mata kuma tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Abin da na lura da shi a kwanakin nan, kowa da Kawun da ya sani. Mutanen Tsafe, inda aka haife shi, mai gyaran rediyo suke tunawa, saurayin da ke zama bakin tasha da ƙarfen narka dalma. Tsofaffin ma'aikata da suka zo daga Gusau suna ba da labarin mutumin da ya riƙe ɗakin kwamfuta na ma'aikatarsu, wanda ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta har ƙarshe, ko da za a yi la'asar ana jiransa. Manoman fadama kuwa Malam mai akwati suke ce masa. Mahaifiyata tana share hawaye ta ce, "Ni tun muna yara har yat tahi ban gane aikinshi ba. In ka tambaye shi sai yac ce bugu yake ƙirga." Aka yi 'yar dariya cikin kuka.

Ana cikin haka wata dattijuwa, maƙwabciyarsu, ta gyara zama ta ce, "Allah jiƙan Malam. Sau guda ɗai akwatinshi ya taɓa ɓata ma mutum rai, shekarar da ruwa ya cinye albasar mutumin Kekun Waje. Kuma shi da bakinshi yac ce kuskurenshi na." Mata suka gyaɗa kai, wata ta ce ɗan Adam ke nan. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai addu'a. Kuskuren nan ba na Kawu ba ne, nawa ne. Shekara tara ina ji ana jingina masa shi ina yin shiru, ga shi yanzu zai bi shi har bayan ransa.

Sai na ɗan yi bayanin akwatin, don wanda bai sani ba. Bayan Kawu ya yi ritaya ya kafa rumfa a bayan gidansa, yana haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Ana ɗaura ta jikin famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ita ke ƙirga ruwan da ya wuce ta bututu, ta kashe famfo in gona ta ƙoshi, ta aika wa mai gona saƙo ta waya. Ayyuka uku ke nan, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinta, wato furosesa, guda ɗaya ce, kuma abu ɗaya take iya yi a lokaci ɗaya. Don haka akwai wata manhaja da ke zaune ƙasan kowa tana raba musu lokaci, wannan ya yi kaɗan, a ɗaga shi, wancan ya hau. Mu 'yan sana'a kanel muke ce mata. Kawu da hannunsa ya rubuta tasa, layi bayan layi, ya sa ta a intanet kyauta ga duk mai so.

Ranar da ya fara koya mini, turmin Inna, matarsa, ya nuna. Ya ce turmi ɗaya ne, mata uku. Kafin ta biyu ta zuba geronta, dole a kwashe na ta farko a ƙwarya, in lokacinta ya zagayo a mayar mata da shi daidai yadda ta bari. A cikin furosesa akwai wasu ƙananan gurabe, rijista, inda take riƙe lissafin da take kai. Duk sa'ad da za a canza aiki sai an kwashe abin da ke cikinsu an adana, an zuba na mai shigowa. Kwashewar nan tana cin lokaci. Shi kuwa lokaci a wannan duniyar da bugun agogon na'ura ake auna shi, kuma bugun da mahaifiyata ta ji yana ƙirga ke nan. In kwashewa ta daɗe alhali ruwa na gudu da ƙarfi, sai ƙirgan ruwa ya riƙa tsallake, batir kuma ya riƙa saurin mutuwa.

Kusan duk shekarun ritayarsa a kan rage wannan ɗan lokacin suka tafi. Ƙyauren rumfar nan baƙi ne, ya mayar da shi allo. In ya sake tsarin layuka ya rage bugu biyu, sai ya goge tsohuwar lamba da gefen babbar riga ya rubuta sabuwa da alli, Inna na faɗan wanki. Ranar da ya rage da yawa, kowa a gidan zai sani, don tsire yake aikawa a sayo. Ba ya shan shayi sai ya huce sarai, wai zafi na raba masa hankali biyu. Kuma yana da tambaya guda da ta ishi duk wanda ya zauna da shi. Ka ce masa hanyar nan ta fi kusa, ko tayar nan ta fi ƙarko, sai ya ɗago kai ta saman tabarau ya ce, "Ka auna, ko zato kake?" Har liman ya taɓa yi wa ita a kan lokacin kiran sallar asuba, aka yi wata guda ana ba da labari.

Ba mai sauƙin zama ba ne, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da taurin kai, yana da jinkirin da zai sa ka ji kamar ka fizge abu daga hannunsa. Ni kuma Allah Ya yi ni da gaggawa da kaifin baki, gadon gidanmu ne. Amma shi ne ya tsaya kai da fata sai da aka bar ni na karanta kwamfuta, lokacin da dangin mahaifina ke ganin aikin jinya ya fi dacewa da mace. Ya zo har gida ya zauna a zaure tun bayan azahar, bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba sai da mahaifina ya gaji ya ce to.

Shekarar da abin ya faru na dawo da digiri na biyu, kaina ya yi girma har ba ya shiga ƙofar rumfa. Na duba kanel ɗin Kawu na ga abin da nake ganin ɓata lokaci ne muraran. Rijistocin nan iri biyu ne. Akwai ƙanana da kowane aiki ke amfani da su, akwai kuma manya masu yawa, na lissafi mai ɗigo, irin lita biyu da rabi. Kawu duka yake kwashewa a kowane canji, manya da ƙanana. Na ce masa aikin ƙirga ruwa ne kaɗai ke lissafi mai ɗigo, mai aika saƙo ba ruwansa da manyan, to me ya sa ake wahalar kwashe su saboda shi? A bar su a inda suke, mai su zai dawo ya tarar da abinsa.

Ya murza gemu. Ya ce, "Shawara ta mai kyau. Amma wa yab ba ki tabbacin mai saƙo ba ya taɓa su?"

Na ce na karanta rubutunsa kaf, babu ɗigo ko ɗaya.

Ya ce, "Abin da munka rubuta kin karanta. Abin da na'ura ka gudu kin karanta?" Yana nufin rubutunmu ba shi na'ura ke ci kai tsaye ba, akwai manhajar da ke juya shi zuwa yarenta, kuma tana da nata dabarun da ba ta shawartar kowa. Na san haka, a makaranta ma an koya mana. Amma a raina na ce tsoron tsofaffi ne kawai.

Ana gab da fara noman rani aka yi masa aikin yanar ido a Gusau, likita ya hana shi kallon allon kwamfuta. Lokacin ne kuma manoma ke kawo akwatunansu a duba kafin a ɗaura. Ya ce in zuba musu manhajar da ke nan yadda take. Na zuba wa kowa ita, ban da akwati guda. Na wani dattijo ne manomin albasa daga Kekun Waje, wanda muke kira Baba, abokin Kawu tun suna samari. A nasa na zuba tawa mai sauri. Na gwada ta a rumfa yini guda cur, lafiya lau, bugu ya ragu fiye da duk abin da Kawu ya rage a shekara. Niyyata in rani ya ƙare in buɗe masa akwatin in ce ga shi, ka gani. Ban gaya wa kowa ba.

Mako uku tana aiki ba matsala. Sannan Baba ya gama dashe, ya tafi bikin suna a Tsafe shi da iyalinsa na kwana biyu, ya bar gona a hannun akwati kamar yadda ya saba. Famfo ya tashi da fitowar rana bai tsaya ba sai faɗuwarta, washegari ma haka. Ruwa ya fasa kunyoyi ya kwashe ɗanyen dashe, wanda ya rage kuma ya kwanta cikin laka ya ruɓe. Irin da mutumin nan ya yi wata biyu yana reno ke nan, abincin gidansa na shekara.

Aka kawo akwatin Bungudu. Kawu, da ido guda a rufe da auduga, ya sa gilashin ƙara girma ya zauna kansa kwana uku, Inna na roƙonsa ya bari. Rana ta uku da la'asar ya aika a kira ni. Ya juyo mini da allon ya ɗora yatsa a kan layi guda. Manhajar juya rubutu ta ga manyan rijistocin nan zaune ba aiki, sai ta ara su don kwafe dogon saƙo da sauri. Ba kullum ba, sai saƙo ya yi tsawo, kuma sai ya faɗo daidai tsakiyar lissafin ruwa. Mai ƙirga ruwa ya dawo ya tarar da haruffan saƙo a inda ya bar litocinsa, ya ci gaba da lissafi da shirme. Daga nan duk sa'ad da ya tambayi kansa ko gona ta ƙoshi, amsa a'a ce.

Bai yi tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba rubutuna ba na."

Maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, sai na hau kare kaina. Na ce dabarar daidai take, tsautsayi ne, kuma na auna, ta fi tasa sauri nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Sauri kin auna. Shi ɗai kin auna."

Kunya ce ta juye mini ta zama fushi. Na ce masa, kuma har gobe ina jin muryata, "Kawu, tsoronka ya yi yawa. Shi ya sa ka tsufa a rumfa a Bungudu, sa'o'inka na can manyan wurare." Ya dube ni da idon nan guda, ya juya ya kashe kwamfuta. Na ɗauki jakata na hau motar Gusau ko sallama ban yi wa Inna ba.

Daga baya na ji a bakin mahaifiyata cewa ya je Kekun Waje ya tara Baba da maƙwabtan gonarsa ya ce laifinsa ne, hannunsa ne ya kuskure. Wasu manoma suka cire akwatunansu a shekarar, suka koma tsaron famfo da kansu. Na ji duk wannan, na yi gum. Shekara biyu ban taka Bungudu ba. In an yi biki ko suna sai in ce jarrabawa muke. Ina son mutumin nan kamar uba, kuma saboda haka ne na kasa haɗa ido da shi.

Shi ya zo. Wata Laraba ina ofis sai ga shi a bakin ƙofa, ya sauko daga kan babur ɗan haya, hularsa a karkace, da takarda a naɗe cikin aljihu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya shimfiɗa ta a kan teburina. Ya ce shekara biyu yana juya shawarata, kuma gaskiyata ce, kwashe manyan a kowane canji ɓarna ce. Abin da ya rage shi ne tsaro. Sai ya sa kanel ta riƙa kulle manyan rijistocin duk sa'ad da aka canza aiki. In mai shigowa bai taɓa su ba, an huta, ba a kwashe komai ba. In ya kai hannu, furosesa za ta tsaya cak ta yi ƙara, a kwashe na mai su a adana tukuna, sannan a buɗe masa. Ba a dogara da karatuna ko nasa ba, na'ura ce da kanta ke shaida. Ya ce wata shida yana gwada ta a rumfa da dogayen saƙonni kafin ya yarda da ita.

A saman rubutun, inda ake bayanin wanda ya yi aiki, ya sa: "Shawarar ɗiyata ce, ni gyara na yi." Haka yake har yau a intanet. Na karanta har ƙarshe. Ya ce, "To ki sa a kawo mani shayi, ki bar shi ya huce." Muka shirya a haka. Shekara bakwai bayan nan kusan kowace Asabar ina rumfarsa, mun yi gardama a kan abubuwa ɗari, amma kalmar albasa ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, ni ma ban yi ƙarfin halin fito da ita ba. Kullum ina cewa sai wani zuwan.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a mutane sun fara watsewa, na leƙa zaure na hango Baba na Kekun Waje zaune shi kaɗai a gefe, sandarsa a kan cinya. Ya tsufa ƙwarai. Na ja mayafi na je na durƙusa na gaishe shi, muka yi wa juna ta'aziyya. Sai na ce, "Baba, akwai maganar da ta daɗe a wuyana. Albasarka ta shekarar nan, ba Kawu ya kashe ta ba. Ni ce. Ni na canza abin da ke cikin akwatinka ba da saninsa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ashe ke ta."

Na ce ni ce.

Ya ce, "Na san ba shi na ba, amma ban san ko wa ba. Bari ki ji. Da yat tara mu yac ce laihinshi na, washegari da sassahe sai ga shi a gonata, ya naɗe wando. Ya bi maƙwabta ya roƙo ragowar iri, mai ɗan kaɗan mai ɗan kaɗan. Kwana tara yana zuwa, shi da ido guda a ɗaure, yana duƙe cikin laka muna dashe tare. Mutane na wucewa suna dariya, wai ga injiniya ya koma ƙwadago. Nic ce mashi, Malam, ka bari, kai ba ka saba ba, na yahe. Rannan muna hutawa gindin mangwaro yac ce mani, wanda yay yi kuskuren ga yaro na, kuma ya hi ni kai. In kunya ta kore shi daga sana'ar ga, ku manoma za ku yi hasara, don ni na kusa tahiya. Yac ce in riƙe, kada in hwaɗi ma kowa. To na riƙe."

Ban san da dashen nan ba. Kwana taran nan ina Gusau ina fushi da shi, ina jiran ya kira ya ba ni haƙuri. Na yi kuka a zauren nan irin wanda ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar, Baba bai hana ni ba.

Da na natsu na ce masa ina so mutane su sani, a daina jingina wa Kawu abin da bai yi ba. Ya ce, "Amanar tashi ta, ba taki ba. Amma tun da mai abu ta zo da ƙahwarta, na sauke." Ya dogara sanda ya miƙe, ya leƙa waje inda sauran manoman fadama ke sa takalma za su tafi, ya ɗaga murya ya ce su dakata, ɗiyar Malam na da magana.

Na fita na tsaya a gabansu, na faɗa musu tun daga farko har ƙarshe, har da maganar da na gaya masa a rumfa. Daga nan na shiga cikin gida na sake faɗa wa mata, Inna na zaune tana ji. Ga shi kuma na rubuta don wanda bai halarta ba. Kawu bai taɓa kashe albasar kowa ba, dasawa ya yi.

Ya Allah, Ka rufa masa asiri a gabanKa kamar yadda ya rufa mini, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe mini abin da na gaya masa wanda ban samu bakin neman gafararsa ba. Amin.